Yadda ake haɗa takobin Bayajidda mai walƙiya da kan macijiyar Kusugu don wasan kwaikwayo

Duk makarantar da za ta yi wasan Bayajidda a Daura ko Katsina ta san wurin da 'yan kallo suke jira, wato bakin rijiyar Kusugu. A labarin, da dare baƙon ya iso, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa macijiya Sarki ba ta bari a ɗiba sai ranar Juma'a, ya karɓi guga ya nufi rijiya. Tunda dare ne, dole a rage hasken dandali, shi kuwa takobin kwali da aka shafa wa fenti, da zarar an rage fitila na baya sun daina ganinsa. Masu bin diddigi za su ce ai wuƙa maƙeran Gaya suka ƙera masa. Haka ne, amma wuƙa ba ta cika ido a dandali. Abin da za a haɗa a nan shi ne takobin da haske yake gudu a jikinsa daga gindi zuwa tsini idan an danna makunni, da kan macijiya mai jajayen idanu waɗanda suke mutuwa da kansu da zarar an fizge kan.

Takobi abu ne da za a yi ta wulwulawa, a buga shi da ƙasa, yaro ya zauna a kai. Wayoyin da aka murɗa aka naɗe da salatif ba sa kai ranar wasa. Shi ya sa mafi yawan aikin yana wajen fitar da allon jan ƙarfe na kanka, a liƙe komai da dalma. Kada ka yanka katako sai allon ya yi aiki, domin girman allo da batir ne za su yanke girman takobin.

Kayan da za a nema

IC biyu, wato ƙananan baƙaƙen kayan lantarki masu ƙafafu da yawa, su ne ƙashin bayan aikin: NE555 mai ƙafa 8, wanda yake bugawa, da CD4017 mai ƙafa 16, wanda yake ƙirga bugun yana kunna ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Ka sayi soket ɗin kowanne. Sai tiransisto BC547 guda 8, da farin ƙwan LED mai milimita 5 guda 16, da ja guda 2. Ka ƙara biyu-uku a kan tiransisto da ƙwayayen, ba a rasa wanda zai ƙone. Rizisto: 4.7k guda 8, 1k biyu (ɗaya na gwaji ne), 10k ɗaya, mai ohm 100 ɗaya, mai ohm 270 ɗaya, da firiset na 100k wanda ake juyawa da sukuddireba. Kafasito huɗu: 2.2uF, 100uF, da ƙananan nan masu lamba 104 da 103. Dayod 1N4007 ɗaya, batir 9V mai kusurwa guda biyu da hulunansu, makunnin dannawa, soket ɗin caja na DC da filoginsa, allon gwaji mai ramuka, allon jan ƙarfe mai fuska ɗaya, da gram 100 na ferric chloride, sinadarin da yake cinye jan ƙarfen da ba a so a kan allo.

Masu gyaran rediyo da talabijin su ne farkon wanda za ka tambaya, rizisto da kafasito da dayod ba sa yi musu wuya. Abin da ya gagara a gari, mai zuwa Kano ya taho da shi daga kasuwar Sabon Gari. Ferric chloride kuwa wajen masu sayar da kayan ɗakin gwajin makarantu ake nema, ko ka tambayi ɗaliban lantarki masu aikin kammala karatu, sun san inda yake.

Batir 9V aka zaɓa da gangan. Na cikin tsohuwar laptop ya fi ƙarfi, amma idan wayoyinsa suka haɗu yana iya kamawa da wuta, kuma abin nan a hannun yaro zai kasance. Fawa bank ma kada ka wahalar da kanka: wutar da takobin yake ja ba ta da yawa, da yawansu sai su ɗauka ba a jona komai ba su kashe kansu bayan 'yan sakanni.

A fara a allon gwaji

Ƙirga ƙafar IC: ka sa ɗan tsagin da ke kansa ya kalli sama, ƙafa ta 1 ita ce ta sama a hagu. Ka gangaro ƙasa, ka tsallaka dama, ka hau sama.

Jar wayar batir ta bi ta makunni, ta shiga dayod ta gefen da ba shi da zobe. Gefen zoben shi ne fozitib na dukan aikin. Dayod ɗin yana cin kamar 0.7V, amma shi ne zai ceci IC ranar da wani ya goga hular batir a juye. Ka sa 100uF da 104 tsakanin fozitib da negetib, kusa da NE555.

A NE555, ƙafa ta 1 negetib, ta 4 da ta 8 fozitib. Rizisto 1k daga ta 8 zuwa ta 7. Daga ta 7, 10k ya shiga firiset, firiset ya fita zuwa ta 6. Firiset ƙafa uku gare shi, ka haɗa ta tsakiya da ɗaya ta gefe su zama ɗaya. Ka haɗa ta 6 da ta 2, sannan 2.2uF daga ta 2 zuwa negetib, ƙafar da ke gefen zanen ita ce ta negetib. Kafasito 103 daga ta 5 zuwa negetib. Ƙafa ta 3 ita ce mai bugun. Da waɗannan kaya, firiset zai ba ka daga kamar bugu 3 zuwa 30 a sakan ɗaya.

A CD4017, ta 16 fozitib, ta 8 da ta 13 da ta 15 duk negetib, ta 14 ta karɓi waya daga ƙafa ta 3 ta NE555. Ƙafafun fitarwa ba a jere suke ba, nan ne mutane suke ruɗewa. Ga yadda suke kunnuwa: 3, 2, 4, 7, 10, 1, 5, 6, 9, 11. Takwas na farko za a yi aiki da su. Ka bar ta 9 da ta 11 da ta 12 haka nan. Amfanin barinsu shi ne, bayan haske ya kai tsini sai a sami duhu na bugu biyu kafin ya sake tasowa, wannan ɗan tsaikon ne yake sa abin ya yi kama da walƙiya maimakon fitilar shagon aski. Wanda ba ya son tsaikon, ya cire ta 15 daga negetib ya haɗa ta da ta 9.

CD4017 ba shi da ƙarfin kunna farin ƙwai biyu da haske sosai, shi ya sa kowace ƙafa take da tiransistonta. Daga ƙafar IC, rizisto 4.7k ya tafi ƙafar tsakiya ta BC547. Idan ka riƙe shi shafaffen gefen yana kallonka, ƙafafu suna ƙasa, ta hagu ita ce C, ta tsakiya B, ta dama E. E ta tafi negetib, C ta tafi ƙwayayen. A kula da wannan: mai shago yana iya ba ka C945 ko S8050 ya ce duk ɗaya ne. Aikin za su yi, amma jerin ƙafafunsu daban ne, C945 yana tafiya E, C, B, shi kuwa S8050 yana tafiya E, B, C. Ka tsayar da wanda za ka yi aiki da shi tun kafin ka zana allo.

Kowane mataki ƙwai biyu ne a jere: gajeriyar ƙafar na farko ta haɗu da doguwar ƙafar na biyu, gajeriyar na biyu ta tafi C. Dogayen ƙafafun da suka rage na dukan matakai takwas su haɗu a waya ɗaya, ta bi ta rizisto mai ohm 100 zuwa fozitib. Rizisto ɗaya ya isa domin mataki ɗaya ne kawai yake kunne a kowane lokaci. Lissafin: 9V, a cire 0.7 na dayod, a cire kamar 6.2 na fararen ƙwai biyu, da 0.2 na tiransisto, saura 1.9V. A raba da ohm 100, an sami miliamp 19, daidai abin da ƙwan yake so. Idan ja ko rawaya za ka sa, kowanne kamar 2V yake ci, sai ka koma ohm 220.

Idan ƙwai ɗaya ya tsaya cak, ka jona wani ƙwan da rizisto 1k a ƙafa ta 3 ta NE555, ka juya firiset zuwa mafi jinkiri. In yana ƙiftawa, laifin yana wajen CD4017, galibi ta 13 ko ta 15 ce ba ta zauna a negetib ba. Alamar haka, sai ka ga haske yana motsi idan ka kawo hannu kusa. Idan haske yana tsallake mataki, 104 ne ya yi nisa ko babu shi, domin NE555 yana fizgar wuta a kowane bugu, CD4017 kuma ya ƙirga fizgar a matsayin bugu. Idan duka takwas sun kunnu dishi-dishi, ka duba ko ka sa 104 a gurbin 2.2uF, gudun ne ya fi ƙarfin ido. Da hunturu kuma, ka taɓa ƙofar ƙarfe kafin ka ɗauki CD4017, wutar nan da take tartsatsi a jikin bargo tana kashe shi ba tare da wata alama ba.

Zanen allo

Manhajar KiCad kyauta ce, ta isa wannan aikin. Ka zana allo santimita 4 da 10, duk hanyoyi a fuskar ƙasa. Faɗin hanya milimita 1, tazara tsakanin hanyoyi kada ta gaza 0.6. Kada ka ratsa hanya ta tsakanin ƙafafun IC, dutsen guga ba ya fitar da wannan lafiya. Inda hanya ta toshe, ka sa rami biyu ka tsallake da guntuwar waya ta sama, ba abin kunya ba ne.

Kada ka wahala wajen jera tiransisto bisa tsarin 1 zuwa 8. Ka ajiye kowanne kusa da ƙafar IC ɗinsa, bakwai a wannan gefe, ɗaya a wancan, ka rubuta lambar mataki kusa da ramin wayarsa. Wayoyin takobi ne za su gyara jerin. Ka bar rami biyu na milimita 3 na sukurori, da wasu biyu kusa da ramukan waya inda za a ɗaure wayoyin da zare.

Sai batun juyawa, wanda ya fi kowane kuskure ɓata allo. Fuskar ƙasa ana buga ta yadda take a manhaja, ba a danna juyawa, domin kifa takardar a kan jan ƙarfe shi ne yake juya ta. Hanyar tabbatarwa: ka rubuta wata kalma a fuskar ƙasa. A takarda dole ta fito a baibai, a jan ƙarfe ta karantu daidai. In ta karantu daidai a takarda, kada ka goga.

Firinta mai hoda ake nema, irin ta shagunan buga takardu, mai ruwan tawada ba ta yi. Hodar roba ce, zafi yana narkar da ita ta manne, ita ce take kare jan ƙarfe daga sinadari. Takarda kuwa mai sheƙi marar kauri, shafin mujalla ko tsohuwar kalanda. Ka ce wa mai shagon ya buga a ainihin girma, ɗari bisa ɗari, kada ya bari na'ura ta daidaita da shafi, ya kuma kashe tsimin hoda. Ka jera zanen sau huɗu a shafi ɗaya. Kafin ka bar shagon, ka ɗora CD4017 a kan zanen: tazarar ƙafa da ƙafa milimita 2.54 ce, in ƙafafun takwas ba su faɗa kan ɗigonsu ba, an rage girman.

Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yi da hannu. Ya ɗora guntun allon Vero, wato allon nan da ake sayarwa da ramukansa a jere, a kan jan ƙarfen ya saka alamar ramuka, ya huda, sannan ya ja hanyoyi da alƙalamin maka marar gogewa sau biyu, ko da jan farce. Ba zai yi kyan gani ba, amma yana aiki.

Guga da wanka

Ka yanka allon da zarton ƙarfe, ka goge bakinsa da sanfefa. Ɗan tudun da zarto yake bari yana ɗaga dutsen guga, sai gefuna su ƙi kamawa. Ka wanke jan ƙarfen da soson ƙarfe da sabulu har ya yi ƙyalli, ka ɗauraye, ka busar. Daga nan a gefe ake riƙe shi, maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya hana hoda kamawa.

Ka ɗora shi a kan shafaffen katako, jan ƙarfe yana sama. Ka kifa zanen, ka rufe da farar takarda. Dutsen guga ya kasance a zafin kayan auduga, babu tururi. Minti ɗaya na farko ka danna kawai kada ka motsa, don takardar ta kama. Sannan minti uku zuwa huɗu kana bi da tsinin dutsen, kana matsawa, musamman gefuna da kusurwoyi. In babu wutar NEPA, na gawayi yana yi, sai dai ka gwada shi a farar takarda tukuna: in ta soma canza launi cikin 'yan sakanni, ya yi zafi da yawa, ka jira.

Ka bar allon ya huce, ka jefa shi a ruwa minti goma, ka murje takardar da babban yatsa a hankali. Idan ya bushe za ka ga farin gashin takarda ya rage. Wanda ke kan baƙin zane ba matsala, amma wanda ke tsakanin hanyoyi dole ya fita da tsohon buroshin haƙori, in ba haka ba jan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ba zai ci ba, hanyoyi biyu su haɗe. Hanyar da ta baje ta yi faɗi, zafi ko matsi ne ya yi yawa. Wadda ta ɓare, zafi ne bai isa ba ko maiƙo. Ƙaramar yankewa alƙalamin maka yana gyarawa. In ɓarnar ta yi yawa, ka goge da tina ka sake da wani kwafin. Har yanzu ba ka yi asarar komai ba, asara tana farawa ne daga shiga sinadari.

Wankan allon a cikin sinadari a waje ake yi, da safar hannu ta roba da tabarau, sanye da tufar da ka haƙura da ita, domin tabon ferric chloride ba ya fita. Mazubi na roba kawai. Yana cin kwanon silba da na ƙarfe, har cokali. Ka zuba ruwa mililita 200, wato ƙasa da rabin ledar fiya-wata, sannan ka riƙa barbaɗa gram 100 na sinadarin a kai kaɗan-kaɗan kana juyawa da tsinke. Sinadari ake zubawa a ruwa, ba ruwa a kan sinadari ba, saboda yana ɗaukar zafi. Ka saka allon, jan ƙarfe yana sama, ka riƙa karkata robar hagu da dama ba tsayawa. Girgizawar ce take kawar da dattin da yake kwanciya a kai. Da bazara a ranar Katsina, minti 10 zuwa 20 ya isa. Da sanyin hunturu yana iya wuce rabin awa, sai ka ɗora robar a cikin wata babba mai ruwan ɗumi. Da zarar jan ƙarfen da ke fili ya ƙare, ka cire. In ka bar shi ya daɗe, sinadarin yana shiga ta ƙarƙashin hoda ya sirantar da hanyoyi har su tsinke.

Ruwan da ya rage zai ƙara wanke wasu allunan. Ka zuba a jarka mai murfi, ka rubuta guba a jiki, ka ɗaga sama. Kada a sa shi a gorar lemo ko ta zoɓo. Idan ya mutu, ya koma kore-kore ya daina ci, ba a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya ko inda dabbobi suke sha, jan ƙarfen da ya narke a ciki guba ne. Ka riƙa zuba masa dakakkiyar kanwa kaɗan-kaɗan a babbar roba har ya daina kumfa, ka bar shi ya bushe a inda yara da kaji ba sa kaiwa, ka ƙulle busasshen a leda.

Ka ɗauraye allon sosai, ka goge hodar da tina ko ruwan goge farce, ka ɗaga shi ga rana ka duba. Sannan ka sa mitar auna wuta a wurin da take ƙara idan wurare biyu sun haɗe: kowace hanya ta yi ƙara daga farko zuwa ƙarshe, maƙwabtan hanyoyi kada su yi, fozitib da negetib ma kada su yi. Inda suka haɗe, ka kankare da reza.

Huda da dalma

Bakin huda na milimita 0.8 na IC da rizisto da tiransisto ne, na milimita 1 na dayod da firiset da wayoyi. Ta gefen jan ƙarfe ake hudawa, a miƙe, ba a dannawa da ƙarfi. Ka sayi na 0.8 fiye da ɗaya, ɗan karkacewa kaɗan yake karya shi. Allon nan mai launin ƙasa ya fi sauƙin huda, mai zaren gilas yana dakushe baki da wuri, kuma ƙurarsa ba ta shaƙa ba ce.

Ƙarfen dalma mai wat 30 zuwa 40 ya isa. A fara da gajerun kaya: wayoyin tsallake, rizisto, dayod, soket, sannan tiransisto da kafasito. Ka kwantar da 100uF a gefensa don kada murfi ya yi tudu. Bakin ƙarfen ya taɓa ƙafa da jan ƙarfe tare, ka kawo dalma ta ɗaya gefen, sakan biyu zuwa uku ka ɗaga. Liƙi mai kyau yana hawa ƙafar ya tsaya kamar 'yar malafa, yana sheƙi. Wanda ya dunƙule bai kama jan ƙarfen ba, shi ne zai yi aiki a tebur ya ƙi a dandali. In ka daɗe a wuri ɗaya, hanyar tana ɗagowa daga allon. Dalma tana da guba, a wanke hannu kafin cin abinci.

Kafin ka saka IC, ka jona batir ka auna a soket: tsakanin rami na 8 da na 1 a ƙaramin, da tsakanin na 16 da na 8 a babban, ka ga sama da 8V kaɗan. Sannan ka cire batir, ka saka su, tsagi yana kallon inda zane ya nuna. Dukan aikin yana jan kamar miliamp 25 zuwa 30. In mita ta nuna ya haura ɗari, ko IC ya ɗau zafi, ka cire batir nan take ka nemi dalmar da ta haɗa ƙafa biyu.

Jikin takobin

A falankin filawud mai kaurin milimita 6, ka zana takobin gaba ɗaya, tsawo santimita 85: ruwan takobi 67 da faɗin 5, giciye mai faɗin 12 da tsawon 6, mariƙi 12 da faɗin 3. Kafinta ya yanka shi a guntu ɗaya, kada a yi haɗi a wuya, nan yake karyewa. Tsinin a zagaye shi, ba kaifi ko kaɗan. Takobin gargajiya dama giciyensa faffaɗa ne an rufe shi da fata, don haka allo zai ɓuya a fuska ɗaya, batir a ɗayar, ba wanda zai lura.

A tsakiyar ruwan takobin a fasa taga takwas, kowace santimita 1.2 da 3.5, tazarar 7.5 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar waccan. Ka goge kan kowane ƙwai da sanfefa har ya dushe, in ba haka ba haskensa gaba kawai yake harbawa, 'yan kallo ba za su gani ba. Ka kwantar da biyu a kowace taga, baya da baya, ɗaya yana kallon tsini ɗaya yana kallon mariƙi.

Waya tara za su gangaro: takwas na matakai, ɗaya ta tarayya. Kebul ɗin intanet waya takwas ne a ciki masu launi daban-daban, sai ka ƙara ɗaya. Ka nemi mai silli-silli a ciki, mai ƙarfe ɗaya yana karyewa a bakin dalma idan ana girgiza shi. Ka rubuta launin kowane mataki a takarda. Ka kwantar da huɗu a hagun tagogi, biyar a dama, ka ɗiga gam. A wajen allo, ka ɗaure su da zare a ramukan nan biyu, yadda in an ja waya zaren ne zai ɗauki nauyin. Ka shimfiɗa siririn soso a ƙarƙashin allon kafin ka ɗaura sukurori. Makunni ya zauna a saman mariƙi inda manuniya take faɗawa.

Yanzu ka kunna, ka girgiza takobin da ƙarfi, ka buga shi a katifa. Duk abin da zai saki ya saki yanzu. In komai lafiya, ka cika tagogin da gam ɗin kyandir, yana riƙe ƙwayayen kuma yana baza haske ta fuska biyu. Ka rufe fuskokin da siririn soson da masu ɗinkin takalma suke amfani da shi, an fasa masa tagogi, ka toshe tagogin da tef ɗin takarda, ka fesa fenti ruwan azurfa. Kada ka naɗe takobin da takardar alminiyam don neman ƙyalli. Tana ɗaukar wuta, in ta taɓa ƙafar ƙwai ko bayan allo ta gama da aikin. Murfin gefen batir a yi shi mai buɗewa, da maɓalli ko igiya, sauran kuma baduku ya rufe da jar fata. Ka bar ɗan rami saitin firiset. Gudun da ya fi kyau a ido shi ne haske ya kai tsini cikin kamar rabin sakan.

Kan macijiya

Wannan ba ya bukatar allo. Ka hura balan-balan, ka liƙa masa tsohuwar jarida da dafaffen sitaci hawa shida, ka ƙara baki da kwali, ka shanya har ya bushe ƙarau. Kada a sa waya a ciki da sauran danshi, tsatsa za ta ci ƙafafun. Idanu kuwa, ƙwallon tebur a raba biyu, jan ƙwai a bayan kowane rabi.

Batir a cikin kan zai zauna. Jar waya ta tafi ƙafa ɗaya ta soket ɗin DC, ɗaya ƙafar ta fita zuwa rizisto mai ohm 270, sai jajayen ƙwai biyu a jere, sai baƙar waya. A filogin, ka haɗa ƙafafunsa biyu da dalma. In filogi yana ciki idanu suna kunne, in an zare sun mutu. Soket ɗin ƙafa uku gare shi, ka sa filogin ka nemo da mita biyun da suke ƙara tare, ka kuma tabbatar sun yi shiru idan an zare. Ka kafe soket ɗin a guntun katako a cikin wuya, ka ɗaure filogin da gajeriyar igiya a gangar jikin macijiyar, wadda za a ɗinka da tsohon yadi a cusa tsumma. Kan ya zauna a wuya da bututun kwali, sako-sako. Mai wasan Bayajidda ya kai sara a iska kusa da wuyan, ya fizge kan da hannun hagu. A koya masa kada takobin ya sauka a kan da gaske, dukansu biyu ba za su jure ba.

Batir mai araha ya isa gwaji, amma ranar wasa a sa sabon alkalin. Fararen ƙwai biyu a jere ba su da haƙuri: batir yana sauka zuwa 7.5V haske ya ragu ƙwarai, ko da yake gudun bai tsaya ba. Kada a bar takobin a cikin mota a rana, gam ɗin kyandir yana laushi ƙwayaye su goce. Wanda yake bayan labule ya riƙe batir biyu na ko-ta-kwana da ƙaramin sukuddireba. Bayan an tashi a cire batir daga duka biyun, a rataye kan macijiyar a sama cikin leda, domin ɓera da kyankyaso suna son sitaci.